Wushirya Ba Giɓi Ba Ce

Ku ajiye tsintar shinkafar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Ga tatsuniya nan na kawo muku, amma wannan ba ta namun dawa ba ce, ta haƙori ce, kuma duk wadda ta saurara ba za ta tashi daga tabarmar nan ba sai ta yanke hukunci.

Mai jegon da ke cikin ɗakin can, Barira, 'yar ƙanena ce. Waɗanda ba su san fuskarta ba sun san muryarta, don ita ke karanta labaran rana a gidan rediyo. Bakinta shi ne gonarta. To, cikin wannan jaririyar ya riga ya fito sosai ranar da keke napep ɗin da ta hau ya faɗa rami a hanyar Sabon Gari, bakinta ya daki ƙarfen da ke bayan direba. Cikin ya tsira, mun gode Allah. Amma haƙoranta na gaba suka kauce daga mazauninsu, ɗaya daga cikin manyan biyu na sama ya nutse cikin dasashi ya karkace, rabinsa kawai ake gani. In ta ce "sannu" sai iska ta riga kalmar fita. Asibitin da aka fara kai ta suka ce a cire shi a huta, a sa na roba. Barira ta san abin da haƙorin roba ke yi wa harshe. Ta juya fuska bango ta yi kuka, ni ma na taya ta, don ni ke jinyarta.

Maigidanta, Sunusi, ya ji labarin wasu likitocin haƙori uku, ƙawaye, da suka yi karatu tare suka buɗe wurinsu tare a nan Zariya: Lubabatu, Atika da Shafa'atu. Babu babba babu ƙarama a cikinsu, kowace da abin da hannunta ya fi faɗawa. Can ya kai ta.

Ta farko, Lubabatu, ita ta duba. Ta ƙwanƙwasa haƙorin a hankali da gindin ƙarfe tana saurare, ta ɗora masa auduga mai sanyi. Barira ta zabura. Lubabatu ta ce, "Yana da rai. Ba za a cire ba." Amma ta gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye: sai an jawo shi ƙasa da waya sannu-sannu, kuma ba da jimawa ba, don in aka bar shi saiwarsa za ta manne da ƙashi, daga nan ko jaki aka ɗaura masa ba zai motsa ba. Ta ce kowane haƙori ana manna masa ɗan ƙarfe kamar ƙwayar dawa, waya ta ratsa ta cikinsu, kuma inda aka manna ƙarfen shi ke gaya wa haƙori inda zai nufa. A kauce da kaurin farce, lafiyayyen haƙori zai jure, mai rauni kuwa ya mutu. Yadda aka saba, likita na manna su ɗaya bayan ɗaya da idonsa, mutum na kwance rigingine baki buɗe har ya gaji. Mai ciki ba ta iya wannan kwanciyar. Saboda haka za su shigar da siffar bakin cikin kwamfuta, a jera ƙarafan a can, inji ya ƙero wata roba mai aljihuna da za ta ɗauko su gaba ɗaya, a kifa ta a kan haƙora sau ɗaya, kowane ƙarfe ya sauka a mazauninsa. Su tire suke ce mata. Ni kube nake ce mata, don kamar kuben wuƙa take shiga.

Faɗi ya fi aiki sauƙi. Leɓen Barira a ɗinke yake, bakin ba ya buɗuwa ya wuce shigar cokali, ga tashin zuciyar ciki. 'Yar na'urar da ke ɗaukar hoton haƙora, da an tura ta ciki sai amai ya taso, hoton ya tsinke, a koma farko. Da wata likitar ce, da ta haƙura ta ce a jira kumburi ya saɓe. Lubabatu ta zaunar da ita a miƙe, ta yanka lemun tsami ta ba ta ta riƙa shaƙa, ta dinga bin haƙoran nan lungu-lungu, ta tsaya, ta ci gaba, ta tsaya, har bakin ya fito cif a fuskar kwamfuta. Kafin mu tafi ta yi tambaya: "Kafin haɗarin nan, akwai wata matsala a haƙoranki?" Barira ta girgiza kai. Sunusi ya ce, "Ko aibu ɗaya babu, Likita." Kuma gaskiya suka faɗa.

Ta biyu, Atika, ita ke zama a gaban kwamfuta. Kwamfutar nan da kanta take jera haƙora yadda take ganin ya dace, ta matse su kamar ƙwayar masara a jikin totuwa, sannan ta nuna inda za a manna kowane ƙarfe. A ƙasashen da aka ƙera ta, duk wata kafa tsakanin haƙora aibu ce. Ta tarar da fili tsakanin manyan haƙoran Barira na gaba, ta ɗauka ɓarnar haɗari ce, ta rufe shi ruf. Aiki ya yi kyau a ido, lokaci na ƙurewa, saura kawai a danna a aika wa injin. Atika ta ɗora yatsa, sai ta fasa. Ta juya hoton ta ciki, ta juya ta waje. Ta ga ɗan siririn naman nan da ya haɗa leɓen sama da dasashi ya sauko da kauri har tsakanin haƙoran biyu, ta kuma ga gefunansu ba su da alamar sun taɓa gogar juna. Ta nemi tsofaffin hotunan Barira, duk wanda aka turo baki a rufe, ko an kare shi da gefen gyale. Sai ta bugo waya gida, ni na ɗauka, don magana wahala take ba Barira.

"Gwaggo, tambaya ɗaya don Allah. Barira wushirya gare ta?"

Na ce, "Yo 'yar nan, ai wushiryar ce ta sa Sunusi ya yi ta zarya ƙofar gidanmu har takalminsa ya suɗe. Ta uwarta ce ta gada."

"To me ya sa ba su faɗa ba?"

Na ce, "Matsala aka tambaye su. Wushirya matsala ce?"

Sai na ji ta ce innalillahi. Daga baya ta bayyana mini: da an rufe kafar nan, da wayar ta ja haƙorin mai rauni gefe, zuwa inda bai taɓa zama ba tun da aka halicce shi, saiwar da ke riƙe da rai da ƙyar ta tsinke. Da maganin ne zai kashe shi, muna kallo muna godiya. Atika ta warware duk abin da kwamfuta ta jera. Aka tono bidiyon bikin wata ƙawar Barira inda dariya ta kufce mata, daga nan ta auna faɗin wushiryar, ta sake dasa kowane ƙarfe da hannunta. Kwamfuta na ta kunna mata jan gargaɗi wai akwai giɓi. Ta ƙyale ta da ihunta, don abin da bai san bambancin wushirya da giɓi ba ba shi zai koya wa 'yar Hausa kyan baki ba.

Ta uku, Shafa'atu, ita ke mannawa. Kube ya fito daga inji, an cusa ƙarafa a aljihunansa, muka zo da murnarmu. Ta gwada kifa shi, ya ƙi zama. Ashe tsakanin ɗaukar hoto da ranar nan ciki ya kumbura wa Barira dasashi, ya hau kan haƙora, da an taɓa sai jini. Lubabatu ta sake ƙwanƙwasa haƙorin, na ga fuskarta ta sauya. Ta ce ƙarar ta fara bushewa, alamar saiwa ta soma kama ƙashi, babu sauran lokacin sake hoto da sake ƙira. Yau ne ko babu. Ga shi gam ɗin da ake mannawa da shi ba ya shiri da danshi, ɗigon yawu ko na jini ya ishe shi ya saki. Kuma da aka kwantar da kujerar, sai Barira ta jiƙe da gumi, idonta ya fara juyawa, ta ce duniya na zagaya mata. Ina riƙe da hannunta na ji ya yi sanyi. Wallahi tsoro ya kama ni, na manta da haƙori, ciki nake tunani.

Shafa'atu ba ta ɗaga murya ba. Ta juya Barira a kan haƙarƙarinta na hagu, ta tokare bayanta da matashi, har jinin fuskarta ya dawo. Ta ɗauki aska ta rage bakin kuben daidai inda dasashi ya kumbura, tana bi ta gefen aljihunan, in ta taɓa ɗaya aikin Atika ya tashi a banza. Tun da mai jinya a karkace take kwance, sai likita ta durƙusa a ƙasa, ta karya wuya tana leƙen baki daga ƙasa. Ta tsayar da jinin, ta busar da haƙoran, ta shafa gam, ta kifa. Daga nan babu gyara. Ana tsakiyar haska shuɗiyar fitilar da ke daskarar da gam, amai ya taso wa Barira, ta datse yatsan Shafa'atu da turamenta. Na ga jini ya taru cikin safar hannun. Yatsan bai motsa ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Barira, kalli idona. Ta hanci. Ta hanci." Sai da fitila ta bi haƙora duka sannan ta zare hannunta, ta ɓare kuben a hankali. Ƙarafa suka bayyana reras, kowane a inda aka nufa, ko ɗaya bai biyo robar ba.

Aka zura waya ta cikinsu, saura jira. Kullum da safe sai na ce ta buɗe baki in gani, kullum in ga kamar jiya. Sai wata rana na ga haƙorin ya ɗan leƙo. Haka ya dinga saukowa, a hankali kamar mai jin kunyar surukai, har ya zo daidai da ɗan'uwansa, fari tas, da ransa, ga 'yar kafar nan a tsakaninsu yadda uwarta ta bar mata. Kafin ta haihu ta koma aiki da wayar a bakinta. Ranar da na ji ta ce "Assalamu alaikum masu saurare" kowane harafi ya fita a mazauninsa, na rungume rediyon na yi kuka ba kunya.

Da Allah ya sauke ta lafiya, mace, Sunusi ya ce mata ta sha wuya a cikin nan, ita za ta zaɓi suna. Ta ce sunan wadda ta ceci haƙorinta take so. Ya ce wacce? Nan gardama ta tashi. Aka aika wa likitocin su raba gardama, sai suka ƙara dagula ta: Lubabatu ta ce ita ce ma ta yi tambayar da ta kusa jawo asara, Atika ta ce ita a kan kujera ta yi nata aikin, Shafa'atu ta ce ita abin da aka miƙo mata ta kifa.

Kada ku ce ina da ɓangare don ni aka bugo wa waya. Da Lubabatu ba ta ce yana da rai ba, ta kuma jure ta ɗauki siffar bakin, da tuni haƙorin yana cikin shara, sauran biyun ba su da abin yi. Da Atika ta danna abin da kwamfuta ta ba ta, da haƙurin Lubabatu da yatsan Shafa'atu sun taru sun kashe shi. Da Shafa'atu ta saki hannu lokacin da aka cije ta, da duk wancan ya tsaya a hoto, ƙashi ya riƙe haƙorin har abada. Ragon yana ɗaure, goro ya iso, gobe da safe liman zai tambayi Sunusi, kuma suna ɗaya ake raɗa wa jaririya.

To, Lubabatu, Atika ko Shafa'atu: wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi mata takwara?