Abin da Tarwadar Seidu Ke Ci

Akwai wani mutum a unguwar Maamobi, Seidu, yana kiwon tarwada a kwamin siminti bayan gidansa. Da ita yake ciyar da iyalinsa.

Shekarar yunwa ta 1983, ƙananan kifin da ake niƙawa a ba tarwada suka ɓace a kasuwa. Mutane ma ba su samu ba, ina ga kifi! Tarwadarsa ta rame har ta fara cin junanta.

Da ya rasa mafita, sai ya riƙa ɗebo jini da tumbi wurin mahautan Sabon Zongo, ya rufe a garwa har su yi tsutsa, ya zuba musu. Kai, kifi ya murmure, ya yi ɓul-ɓul!

Ran nan Mma Awabu mai tuwo a Nima, wadda ita ce ke sayen kusan duk kifinsa, ta leƙa kwamin.

"Seidu, kowa na ramewa, kifinka na ƙiba. Me kake ba su? Masallata nake ciyarwa fa."

Garwar na nan a rufe bayan ƙofa. In ya ce dusa ce, wa zai sani? In ta tafi kuwa, gidansa ba a ɗora tukunya.

"Mma, tsutsar jini ce."

"A'uzubillahi!" Ta ɗauki kwanonta ta fice.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Kun san bakin mutane! Ko waɗanda ba su taɓa sayen wutsiya ba suka shiga tofar da yawu. Mako ya wuce ba mai saye, yaransa suna kwana da ruwan koko. Wallahi ya ba ni tausayi.

Sai ga Mma Awabu wata safiya, ɗauke da daro cike da tunkuza, wato abin da ke saura in an matse man gyaɗa.

"Na tambayi Malam Imurana. Ya ce a canza wa kifayen ruwa, a ba su abinci mai tsarki na wasu kwanaki, sun halatta. Haɗa wannan da dusa."

"Mma, ba ni da abin biya."

"Wa ya tambaye ka? Ka zubar da garwar nan. Ka ga tuwonka zai zube amma ba ka yi mini ƙarya ba, to wurin wa kuma zan sayi kifi?"

Darasi: Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Kada ka ɓoye wa mai saye abin da zai sa a bakinsa, ko da gaskiyar za ta kwanar da kai da yunwa. Ku tura wa 'yan uwa masu sana'a su karanta.