Kurege Alƙalin Wasan Tabarya

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Wata shekara namun daji suka samu sabon wasa. A jefo goruba, mai bugu ya maka mata tabarya, ya zagaye duwatsu huɗu da gudu kafin a cafke ta. Ɓauna da Kura da Dorina suka ajiye kwandon gyaɗa, wanda ya fi ci cikin kwana uku ya ɗauka. Sai dai duk cikinsu babu mai sanin dokar wasan.

Kurege kuwa kwanansa biyu bai sa komai a baki ba. Ya kifa ƙoƙo a ka, ya liƙa gemun auduga, ya fito yana gyaran murya.

"Ni ne Malam Barmo, alƙalin wasa daga birni! Ni na koya wa goruba tashi sama!"

Ɓauna ta ce, "Allah gafarta Malam, kuskure nawa ake yi a fita?"

"Uku."

Ɓauna ta kai bugu ta kuskure.

"Kin fita!"

"Malam, ai uku ka ce!"

"Kuskure ɗaya, ƙahonki biyu. Nawa ke nan?"

Ɓauna ta shafa kanta, ta ji lallai biyu ne, ta koma ta zauna.

Alƙali ya ce zai ɗan zaga. Ya tuɓe ƙoƙo da gemu a bayan kuka, ya dawo a Kurege ɗan wasa. Ya kuskure sau bakwai, ya ruga bayan kuka, ya fito da gemu, ya ce Kurege ya ci biyar.

Da gari ya waye, Kura ta buga goruba ta ɓace cikin ciyawa. Ta zagaye duwatsu tana haki.

"Saura na biyar," in ji alƙali.

"Jiya huɗu ne! Ina na biyar ɗin?"

"A kansa nake zaune. Kin fita!"

Kafin azahar cin Kurege ya koma goma sha biyu, alhali ranar ko tabarya bai taɓa ba. Dorina ta ƙura wa alƙali ido.

"Malam, jiya gemunka a haɓa yake, yau ga shi a kunne."

"Gemun birni yawo yake yi, baƙauya!"

Da gari ya waye, Dorina ta kafe. Ta ce yau sai alƙali ya tsaya a fili yana kallo Kurege na bugu. Kurege ya yi dariya a ciki. Ya lallaɓa ya kifa ƙoƙon a kan wani ɗan suri, ya manna masa gemu, ya ɗauki tabarya yana magana da muryar alƙali ta gefen baki.

Kura ta jefo goruba da dukan ƙarfinta. Gorubar ta wuce Kurege, ta daki alƙali. Ƙoƙo ya tarwatse, gara ta watse ko'ina.

Kura ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, na kashe Malam!"

Kurege bai waiga ba, gudu kawai yake, yana ihu da muryar alƙali: "Kurege ya ci ashirin!"

Nan kowa ya gane ashe Kurege ne alƙalin.

Ɓauna ta tare shi a dutse na uku, ta sa ƙaho ta cilla shi har tsallaken rafi. Ya faɗa cikin ƙaya, ya miƙe da ƙulu a goshi, ciki babu ko ƙwayar gyaɗa. Ya ranta a na kare yana ɗingishi, yana waige.

"Doka ta hana tunkuyin alƙali! Dukanku kun fita!"

Ƙurunƙus, wasa ya tashi.