Takarkari da Wuƙar Kaka Briskila

Ga ta nan tafe, ga ta nan gabanku.

Ta ƙaraso mu ji ta, Gwaggo.

To ku gyara zama. Wanda ya katse ni, shi zai wanke tukwane gobe.

A wani gari ne, lokacin da dabbobi ke magana. Akwai wani Takarkari, wato sa mai ɗaukar kaya. Aikinsa ɗauko ruwa daga rafi cikin salka biyu, ya bi gida-gida ana cika randuna. Shekara tara yana haka, ba wanda ya taɓa yi masa sannu. In ya iso a ce kai, tsaya. In an juye a ce kai, matsa.

Ana saura kwana uku Kirsimeti sai wata tsohuwa ta tare a garin, sunanta Kaka Briskila. Baƙuwa ce, ba ta da kowa, ƙafarta kuma ba ta kai ta rafi.

Ran farko Takarkari ya kai mata ruwa. Ta ce masa sannu da aiki, ɗana. Ya waiwaya ya ga da wa take, ba kowa. Ta tambayi sunansa, ya ce shi dai Kai ake ce masa. Ta ba shi gyaɗa cike da hannu. Kansa ya ɗaure, ya tafi wurin Kurege neman bayani. Kun dai san Kurege da kwaɗayi.

Kurege ya dubi gyaɗa ya haɗiye yawu, ya ce, "Sunanka ta tambaya, ana saura kwana uku Kirsimeti? Allah sarki. Ai don a san naman wa aka ci ne."

Takarkari ya ce amma muryarta da daɗi. Kurege ya ce kawo gyaɗar nan in binne, kada ka yi ƙiba. A ina ya binne ta?

A cikinsa!

Ashe kuna ji.

Ran na biyu Kaka ta dama masa dusa da kanwa, ta ce ya tafi da ita ya sha a inuwa. Ya kai wa Kurege. Kurege ya tuna masa da Bunsurun bara, wanda aka yi ta ɗura wa dusa har Kirsimeti, tun daga ranar ba a sake jin warinsa ba. Takarkari ya ce amma ta sa masa albarka. Kurege ya ce abinci ma sai an sa masa albarka ake ci. Ya binne dusa inda ya binne gyaɗa.

Ran na uku Kaka ta lura igiyar salka ta ci bayan Takarkari har ta yi gyambo. Ta ɗebo man kaɗanya ta shafa masa a hankali. Ta ce gobe ya zo da sassafe, tana da abin da za ta yi masa.

Kurege ya ce, "Mai ta shafa maka? Shi ke nan, an fara suya tun kana da rai. Gobe ka yi daji."

To daji kuwa na Kura ne, kowa ya sani. Gida wuƙa, daji haƙori. Takarkari ya rasa inda zai sa kansa. In matar nan mugunta take nufi, me ya sa gyambon ya daina zafi? In alheri take nufi, me ya sa sai ita kaɗai a duk garin?

Gari ya waye, ƙararrawar coci na bugawa. Ya cika salkunansa don sabo, ya iso mararraba. Ya nufi daji, ya tuna randar Kaka na yoyo, yanzu ba ko ɗigo a ciki. Ya juyo. Ya tuna Bunsuru, ya koma. Ya sake tuna ƙafarta, ya ce tsohuwa ba za ta yi Kirsimeti da ƙishirwa ba, in ya so abin da zai faru ya faru. Ya kama hanyar gari.

Yana shiga sai ga Kaka tsaye da wuƙa tana wasawa a dutse. Wallahi tausayinsa nake ji duk lokacin da na zo nan. Ya durƙusa, ya miƙa wuya, ya rufe ido.

Ya ce, "Kaka, ki juye ruwan tukuna, kada ya ɓaci. Sannan ki yi da sauri."

Kaka ta dubi wuƙa, ta dubi wuya, ta rasa gane kan zancen. Ta ce in yi me da sauri? Ya ce yankan. Ta ce yankan wa? Ya ce nasa mana. Ita ta rikice, shi ya rikice, har kajin gidan suka tsaya kallo.

Ta matso. Ya ji sanyin ƙarfe a bayansa. Ƙet! Igiya ta tsinke, salkuna suka zame ƙasa. Ta ɗauko sabon maɗauri da ta ɗinka da tsohon zanenta, mai faɗi, wanda ba ya cin fata.

Ta ce, "Wanda aka haifa yau baƙo ya zo duniya. Mutane ba su ba shi masauki ba, a komin da 'yan'uwanka ke cin abinci aka kwantar da shi. Ni ma baƙuwa na zo, kai ka fara ba ni ruwa. Wa ya ce maka yanka ka zan yi?"

Takarkari ya ce, "Shekara tara ina shiga gidajen garin nan, Kaka. Ban taɓa ganin an yi wa irinmu kirki ba sai in za a yanka."

Kaka ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Matan zumunta da suka biyo su tafi coci tare suna bakin ƙofa, sun ji komai. Kowace cikinsu ruwansa take sha shekara tara. Ba wadda ta iya ɗaga ido.

Tun daga ranar, kowane gida ya shiga sai an yi masa sannu, har ya daina waiwaye. Kurege kuwa gyaɗa ta yanke masa. Shi ya sa har yau yake miƙewa kan ƙafa biyu yana leƙen hanya, ko za a kawo abin binnewa.

Ku kuma, in mai ga-ruwa ko mai shara ko baƙo ya shigo gidan nan, ku gaishe shi, ku san sunansa. Ku yi ta yi har gaisuwa ta daina ba shi tsoro.

Ƙurunƙus, yau kan Kurege ta faɗa, ɗan ɓera ya huta.