Yajin Amaryar Malam Barau

Ku gyara zama, ku ba ni kunnuwanku, don in na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci.

A wani gari na bakin kogi akwai wani dattijo, Malam Barau, wanda ya tsufa a harkar wasan kwaikwayo. Fim ɗinsa na ƙarshe irin na almara ne da ake kallo tare da yara. A ciki ya fito a matsayin Sarkin Gora, wani tsoho mai jan ido da ya kwashe gajimaren gari kaf ya kulle a cikin gorarsa, har gonaki suka bushe. Ya iya wasan sosai, shi ya sa yaran unguwa in suka hango shi sai su watse.

Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi jikarsa ce, Hanne, wadda yake wa wasa yana ce mata amarya. Da, ita ke fara shiga ɗakinsa da safe ta kwashe masa dabino. Tun ranar da ta kalli fim ɗin ta daina. In ya miƙa mata hannu sai ta ɓoye a bayan uwarta. Yakan yi dariya ya ce amarya ta yi yaji, amma da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ya zama ba ya iya fita ko tsakar gida, dariyar ta ƙare. Abinci ma ya rage ci.

Malam Barau yana da 'ya'ya uku, kuma duka sun ga halin da yake ciki.

Babbar ita ce Sahura, uwar Hanne. Ta yi lallashi, ta yi bayanin cewa wasa ne kawai, yarinya ta ce ai da idonta ta gani. Sai Sahura ta gane cewa abin da ido ya ɗaura, ido ne zai kwance shi. Ta zauna ta tsara labarin wani sabon fim, wanda zai nuna abin da ya faru kafin wancan fim ɗin: lokacin da Sarkin Gora yake saurayi mai kirki, ambaliya ta kusa tafiya da ƙanwarsa, ya kama gajimare ya zuba a gora don ya cece ta, daga nan tsoro ya hana shi sake buɗewa.

Na biyu Nafi'u ne, tela, wanda ya ɗauko kamannin ubansa har da yadda yake ɗage gira. Mutum ne mai kunya, a taron suna ma bayan mutane yake zama. Amma babu wanda zai iya fitowa a saurayin in ba shi ba. Ya rufe shago, ya riƙa zama gefen gadon tsohon yana koyon muryarsa da tafiyarsa, kuma ranar ɗauka ya faɗa kogi da damina alhali bai ƙware a iyo ba.

Autan shi ne Mudi, mai ɗaukar bidiyon biki. Da masu fim ɗin farko suka ce su ba su da lokaci amma sun yarda a yi, shi ya ɗauki kyamara. Kuma shi ya kawo shawarar da babu wanda ya yi tunaninta: Hanne da kanta ta fito a ƙanwar. Ita dai ta san kawunta Nafi'u ya ɗauke ta a kafaɗa ya fito da ita daga gefen kogin inda ruwa ba zurfi, ta sha dariya. A wajen haɗa hotuna, Mudi ya sa fuskar saurayin tana tsufa a hankali har ta zama ta Malam Barau.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a ɗakin tsohon aka kunna sabon fim ɗin. Hanne ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Daga nan ta kalli kanta a cikin ruwa, ta kalli wanda ya cece ta, ta ga gemunsa yana yin fari. Malam Barau bai kalli allon ba, ita yake kallo. Da aka gama, ta tako ta zauna a bakin gadonsa.

"Kaka, ashe tsoro kake ji? Ai da ka faɗa mini."

"Wa zan faɗa wa, amarya ta yi yaji?"

"To na dawo, tsoho mai ran ƙarfe. Amma ka buɗe gorar nan."

Ya ce ya ji, zai buɗe. Ranar ya cinye tuwonsa, da hannunta a cikin kwanon.

Washegari ya kira 'ya'yansa ya sa musu albarka. Ya ce yana da karsana guda da yake so ya bayar tukuici, kuma ba ya so a yanka ta a raba. Da Sahura ba ta tsara labarin ba, babu abin ɗauka. Da Nafi'u bai ajiye kunyarsa ba, babu fuskar da yarinya za ta gane. Da Mudi bai sa ta a ciki ba, da ko kallo ba za ta tsaya yi ba.

To jama'a, wa za a miƙa wa igiyar karsanar nan?