Sai Yarana Sun Ci

Akwai wani tsohon janar da ya ja ragamar sojoji lokacin yaƙi. Da ƙura ta lafa, jama'a suka zaɓe shi shugaban ƙasa. Ya gama mulkinsa lafiya, ya koma gida.

Allah sarki, tsufa! Sannu a hankali ya kwashe masa tunani. Fadar mulki, jiniya, jawabai, duk suka goge. Bakin daga kawai ya rage masa.

Kullum yana zaune bakin taga yana kallon zannuwan gado da aka shanya suna kaɗawa, shi a ganinsa tantunan sojojinsa ne. Wani sa'in ya ɗaga wa itatuwan lambu hannu yana murmushi, wai runduna ce ke wucewa.

Kwatsam sai ya daina cin abinci.

Autarsa mai jinyarsa ta yi lallashi har ta gaji.

"Baba, ko cokali biyu mana."

"Yarana sun ci?"

"Mu ne yaranka, Baba. Duk mun ci."

Ya ture farantin. Kwana huɗu ruwa kawai yake sha. Likita ya ce in aka ƙara kwana biyu jikin ba zai ɗauka ba. Tsoro ya kama Auta, ta shiga kicin ta sha kukanta.

Labari ya kai kunnen tsohon kukun rundunarsa. Ya zo yana dogara sanda, ya ji bayani, ya girgiza kai.

"'Yata, ai ba ku yake nufi ba. A bakin daga bai taɓa kai loma baki ba sai ƙaramin soja na ƙarshe ya karɓi nasa. Sau nawa ƙanzon tukunya kawai nake kankaro masa."

Washegari da hantsi tsofaffin sojojinsa goma sha ɗaya suka yi layi ƙarƙashin taga, wani da ɗingishi, wani hannu ɗaya, kowa da kwanonsa. Kuku yana zuba musu. Janar ya gyara zama yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Shi samari yake gani cikin kaki.

Da suka gama, kuku ya ƙame ya sara masa.

"Yallaɓai, kowa ya ci. Saura kai."

Janar ya jawo farantin da kansa.

Tsofaffin nan suka raba kwanaki a tsakaninsu. Har ranar da Allah ya karɓi ransa, layin bai taɓa yankewa ba.

Darasi: In ka samu girma, fara ciyar da na ƙasa da kai. Muƙami zai wuce, tunani ma zai iya gushewa, amma waɗanda ka kyautata wa ba za su manta da kai ba. Ku tura wa duk wanda Allah ya ba shi jagorancin mutane.