Gawon da Ya Ƙi Ganye da Damina

Akwai wani manomi da ya taso daga ƙasar kurmi, ya sami gona a arewa. Duk dukiyarsa akuya ɗaya ce. A tsakiyar gonar kuwa akwai wani babban itace da bai taɓa ganin irinsa ba, mutanen wurin suna ce masa gawo.

Da damina ta sauka, tsamiya ta yi ganye, kanya ma ta yi, kowane itace ya yi kore shar. Gawo kuwa sai ya zubar da nasa, ya tsaya fayau. A ƙasarsu, itacen da ya yi haka ya mutu ke nan. Mutumin ya wasa gatarinsa, ya nufi gindinsa.

Wata tsohuwa mai gona kusa da shi ta ɗaga murya ta ce, "Kai, ɗan nan! Me ya yi maka?"

Ya ce, "Iya, ba ki gani ba? Kowa ya yi ganye ban da shi."

Ta ce, "Haka Mai shi ya yi shi. Mai da gatarinka gida."

Ya mayar, amma don kunyar tsohuwar kawai.

Rani ya zo da tsanani. Ciyawa ta ƙare ƙaf, itatuwan nan masu ƙawa duk suka bushe. Ga akuyarsa da tsohon ciki, ta rame har ba ta iya tashi. Tsoro ya kama shi, gama in ta mutu ba shi da kome. Ya fita neman abin da zai ba ta, sai ya hango gawo ya yi ganye lif, 'ya'yansa sun zuba a ƙasa. Ya tsinto, ya saro reshe, ya kai mata. Ta ci ta farfaɗo, har ta haihu lafiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, akwai mata a cikin ikilisiyarmu da ba su yi aure ba, akwai kuma waɗanda ba su haihu ba. Haihuwa kyautar Allah ce, muna murna da ita. Amma wadda ba ta samu ba, Ubangiji bai manta da ita ba. Ba na ce muku lalle za ta samu gobe ba, gawo bai taɓa yin ganye da damina ba, bai kuwa mutu ba. Ku tuna wa ya riƙe hannun matarku tana naƙuda, wa ya dafa mata ruwan wankan jego. Sau da yawa ita wadda ba ta samu ɗin ba ce.

Mu kuwa, haba! Ana tashi daga sujada mu tare ta muna murmushi: "Har yanzu shiru?" Ta yi dariya, ta je gida ta yi kuka. Tambayar nan ita ce gatarin. Ran Lahadi mai zuwa, ku bar shi a gida.