Hoton Iyatu Mai Ɗinkin Hula

Akwai wani matashi a Abuja mai suna Ameer, sana'arsa tsara shafukan intanet. A Jikwoyi yake zaune, amma zuciyarsa kullum tana Maitama, unguwar masu hannu da shuni. Duk wanda ya san shi ya san ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana cin abinci waya na hannunsa. Yana cikin cunkoson motocin Nyanya yana duba shafukan da wasu suka tsara, yana jin kamar duniya ta tafi ta bar shi.

Akwai wani dandali a ƙasar waje da yake zaɓo shafukan da suka fi burgewa, ya nuna wa mabiyansa. Babban burin Ameer shi ne wata rana ya ga aikinsa a wurin. Ya iya aiki, wannan ba a musu. Matsalarsa ita ce yana ganin duk abin da zai ƙawata aikinsa halal ne a gare shi.

Rannan sai wata mata da ake kira Madam Hannah ta neme shi. Ita ce shugabar wata ƙungiya mai tallafa wa mata 'yan gudun hijira, ofishinsu yana Maitama. Tana so ya yi musu shafin da zai tallata hulunan da matan sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro suke ɗinkawa.

Kafin ya fita daga ofishin ta tsayar da shi. Ta ce, "Ameer, duk hoton da za ka ɗora, ka tabbatar mai shi ta yarda. Mutanen nan sun ga abubuwa."

Ya ce, "Ba matsala, Madam." Amma hankalinsa ya riga ya tafi kan launin da zai zaɓa.

Da ya isa Kuchigoro, wani dattijo mai suna Yamusa ne ya zagaya da shi, don shi yake raka baƙi. Suka tarar da mata a ƙarƙashin rumfa, kowace da allura da zare. Da yawa suka yarda ya ɗauke su, suna gyara ɗankwali suna dariya. Ameer ya duba hotunan ya taɓe baki. Babu wanda ya taɓa zuciyarsa.

Sai idonsa ya kai kan wata dattijuwa da ke zaune a gefe. Hasken rana ya sauka a rabin fuskarta, ta duƙufa a kan wata hula mai zare ja da baƙi. Yamusa ya ce sunanta Iyatu, babu wadda ta kai ta hannu a wurin.

Ameer ya ɗaga kyamara. Nan take ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska.

Ta ce, "A'a ɗana, ban da ni."

Ya durƙusa ya ce, "Mama, guda ɗaya kawai. Duniya za ta ga aikinki, ciniki zai ƙaru."

Ta miƙo masa hular. "Ɗauki wannan yadda kake so. Fuskata dai ka bar mini."

Yamusa ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Oga, ƙyale ta. Tana da dalilinta."

Ameer bai tambayi dalilin ba. A ransa ya ce kunya ce irin ta tsofaffi, ba su san amfanin abin ba. Da Yamusa ya tsaya gaisawa da wani, sai ya laɓe a bayan tankin ruwa, ya jawo fuskarta da kyamara daga nesa, ya ɗauka.

Hoton ya yi kyau, har shi kansa ya daɗe yana kallo. Ya sa shi a fuskar shafin, ya cika allo, a ƙasa ya rubuta: Iyatu, Kuchigoro, Abuja.

Madam Hannah ta gani ta ce, "Wannan ta yarda?"

Ya ce, "Ta yarda, Madam."

Ba a daɗe ba burinsa ya cika. Dandalin nan na waje ya zaɓi shafin, ya sa hoton Iyatu a sama. Daga nan wasu suka kwafa, wasu suka yaɗa. Wayar Ameer ta dinga ƙara, ana taya shi murna, ana neman ya yi aiki. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ajiye waya, ya sake ɗauka, ya karanta yabo, ya sake karantawa.

Yana cikin wannan hali wata safiya sai ga kiran Yamusa. Ko gaisuwa bai tsaya sun gama ba.

Ya ce, "Oga Ameer, me ka yi mana?"

Sai Yamusa ya ba shi labarin da Ameer bai tsaya ya tambaya ba tun farko. Iyatu tana da ɗa guda, Rilwanu, direba ne. Lokacin da 'yan bindiga suka shiga garinsu, sun tilasta masa ya riƙa tuƙa musu mota. Da ya sami dama ya gudu, ya ɗauko mahaifiyarsa, suka yi ta sauya gari har suka iso Abuja. Mutanen sun rantse sai sun nemo shi. Shekaru suna nan a ɓoye, shi yana leburanci a wurin gini, ita tana ɗinki.

Yamusa ya ce, "Jiya wani ya kira maƙwabciyarta da lambar da ba a sani ba. Ya ce a gaya wa uwar Rilwanu sun ga hotonta, ta yi kyau."

Nan take Ameer ya ajiye wayar. Ya buɗe kwamfuta, ya cire hoton daga shafin. Ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya rubuta sunanta a wurin bincike don ya tabbatar.

Fuskarta ta fito a wurare da bai taɓa sanin da su ba. Ga ta a dandalin waje, ga ta a shafin wani mai tara hotuna masu kyau, ga ta a wani zaure da ake hira da yaren da bai ma gane ba. Kusan ko'ina da rubutun nan nasa a ƙasa.

Ya shiga aika saƙo yana roƙo a goge. Wasu suka goge. Wasu ba su amsa ba. Wani ya ce ai shi ma a wani wuri ya gani. Duk inda ya toshe, sai ya ga wani wurin ya ɓulle.

Ya bar kwamfutar a buɗe, ya tari mota zuwa Kuchigoro.

Ya tarar da ƙaramar a-kori-kura a ƙofar ɗakinta, an ɗora katifa da tukwane. Rilwanu yana ɗaure kayan da igiya, bai ko kalle shi ba. Iyatu tana raba wa matan rumfa hulunan da ba ta ƙarasa ba, tana gaya wa kowace inda za ta ci gaba. Wasu suna share hawaye.

Ameer ya zube a gabanta. Ya ce, "Mama, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

Ta dube shi babu faɗa, babu ɗaga murya. Ta ce, "Ba ka sani ba, gaskiya ne. Amma na ce maka a'a. Ka ji ni ko ba ka ji ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ji."

Ta ce, "To, me kuma ya rage in ce? Nan ne wuri na farko da na yi barci ban saka takalmi a kusa da kaina don shirin gudu ba. Tashi ɗana, rana tana yi mana."

Ta shiga gaban motar. Rilwanu ya hau baya ya zauna a kan katifa. Suka bi hanya har suka ɓace.

Da maganar ta kai kunnen Madam Hannah, ba ta yi doguwar magana ba. Ta karɓe aikin daga hannunsa, ta cire sunansa daga shafin, ta kuma gaya wa sauran ƙungiyoyi abin da ya faru don kada a maimaita. Masu neman ya yi musu aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Bayan wani lokaci ya koma wurin Yamusa, ya rame, ya ce, "Baba, don Allah ina suka koma? So nake kawai in ji suna lafiya."

Yamusa ya dube shi. Sannan ya ce, "Ban sani ba, Oga. Kuma ko da na sani, ba kai zan gaya wa ba."

Darasi: Idan mutum ya ce kada ka ɗauki hotonsa ko ka yaɗa labarinsa, ka tsaya a nan, ko ka san dalilinsa ko ba ka sani ba. Abin da ka ɗora a intanet ya fita daga hannunka, kuma mai biyan kuɗin gangancinka wani lokaci ba kai ba ne. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu saurin ɗaga waya.